Gurbin da Mai Taswira Ya Wuce

Direbobin manyan motoci suna kiransa Mai Taswira, ko da yake bai taɓa sayen taswira ba. Abin da yake da shi wani tsohon littafin rubutu ne mai jadawalin lissafi a bayan bango, wanda ya ɗauka daga jakar 'yarsa tun tana aji uku. Yau 'yar tana da 'ya'ya biyu. Littafin ya sha gumi da baƙin mai har takardunsa sun yi laushi kamar tsumma, kuma da robar tsohon tiyub yake ɗaure shi.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jan tirela. Kowane shafi na littafin hanya ɗaya ce, kowane layi kuma wurin da mutum zai iya ajiye doguwar mota ya kwanta. A gefe yakan rubuta mota nawa wurin ke ɗauka da ƙarfe nawa yake cika. Da'ira na nufin akwai ruwa. Ɗigo biyu na nufin ana zuƙe mai daga tanki, kada a yi barci mai nauyi.

"Mutane suna zaton tuƙi ne aikin," in ji shi. "Tuƙi ai kowa ya iya. Ni kafin in murza makulli sai na san inda zan kashe ta. Daga can nake fara lissafi, in dawo da baya har ƙofar da aka yi mini lodi."

Wurare ɗari biyu da goma sha huɗu ya taɓa rubutawa. Duk wanda aka rufe sai ya ja masa layi da jan biro. Wasu an gina shaguna a kansu, wasu an kafa turakun siminti a bakinsu, wasu kuma mazauna unguwa ne suka kai kuka saboda hayaƙi. Motoci kuwa kullum ƙaruwa suke yi. A farkon bana, sittin da uku ne suka rage ba su sha jan biro ba.

Shekara uku da suka wuce, kamfanin da yake wa aiki ya liƙa wata na'ura kusa da sitiyari. Tana ƙirga awannin tuƙi. Idan suka cika, dole taya ta tsaya awa goma, kuma ko minti ɗaya aka ƙara, ofis zai gani nan take. Ƙa'idar kamfanin a rubuce take: gargaɗi uku a shekara ɗaya, a karɓe makulli. Mai Taswira bai taɓa zagin na'urar ba, don ya raka gawar abokan aiki biyu da barci ya ɗauke a kan sitiyari. Ƙorafinsa ɗaya ne. "Tana ce maka tsaya. Ba ta gaya maka a ina."

Kafin tsakiyar shekara ya riga ya samu gargaɗi biyu. Na farko minti tara ne, yana zagaya wani gidan mai ko wani zai fita. Na biyu minti goma sha huɗu, a cunkoson wata gada. Saura ɗaya, kuma shekarunsa hamsin da takwas, shekarun da ba a ɗaukar sabon direba.

A shafin farko na littafin akwai doka ɗaya da ya rubuta da manyan haruffa, ya kuma koya wa duk wanda ya taɓa neman shawararsa: bayan la'asar, kada ka wuce gurbi.

Wata Alhamis ya taso tun asuba da lodin kwalayen sabulu. A wannan makon aka yi wa matarsa aikin ido, aka cire mata yanar da ta hana ta gani sosai shekara biyu. Likita ya ce ranar Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya za a buɗe bandeji. Haihuwar 'ya'yansa huɗu duk a waya ya ji labari, rasuwar mahaifiyarsa ma a hanya ta same shi. Wannan karon matar ta roƙe shi.

"Baban yara, ka zo ka tsaya a gabana," ta ce. "Ina so in ga ko ka tsufa, ko yaran nan ƙarya suke yi mini."

Ya yi lissafi. Idan ya kwana a filin Dattijo, zai shiga layin sauke kaya da ƙarfe bakwai, ya isa asibiti kafin goma sha ɗaya. Dattijo mai gadi ne a wani fili da ke bayan tsohuwar masana'antar katako. Shekara goma sha takwas yana ajiye ganguna biyu a kusurwar filin don tare masa gurbi, ba ya ɗauke su sai ya ji odar motar Mai Taswira. A littafin, layin wannan fili kaɗai ne ba a rubuta lokacin cikarsa ba.

Da la'asar ya iso wani babban gidan mai, kilomita arba'in kafin filin. Ya rage gudu kamar yadda ya saba, ya leƙa. Gurbi ɗaya ne ya rage, tsakanin wata tankar mai da motar abokinsa, wani tsohon direba da ake kira Mai Tari. Wayarsa ta yi ƙara.

"Malamin littafi, ina za ka?" in ji Mai Tari. "Ga wuri kusa da ni, har na share maka."

"Saura mini minti hamsin da biyar. Zan kai filin Dattijo."

"Yaushe rabonka da can?"

"Wata biyu."

"Wata biyu! Ai a wata biyu an aurar da filin har ya haihu. Shigo ka kwanta, dokarka ce fa."

"In kwana kusa da tarinka? Gara in kwana a injin niƙa."

Mai Tari ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. A madubi Mai Taswira ya ga wata farar tirela ta kunna sigina, ta kutsa cikin gurbin. A hanya ya kira Dattijo sau biyu, wayar a kashe. Bai damu ba, don tsohon ya saba mantawa da caji.

Tun daga nesa ya hango shingen kwano sabo fil kewaye da filin, yana ƙyalli. A ciki katafila ce ke tura ƙasa. Gangunan nan biyu suna bakin ƙofa, Dattijo na zaune a kan ɗaya, yanzu buhunan siminti yake gadi. Da ya ga motar sai ya taso da sauri, yana riƙe da hularsa.

"Ƙanena, an sayar. Sito za su gina. Na so in gaya maka, wayar ta faɗa a ruwa, lambarka kuma a ciki take." Ya nuna gangunan. "Naka ne, na hana a tafi da su."

Na'urar ta nuna saura minti goma sha ɗaya. Wuri na gaba a littafin yana kilomita talatin. Mai Taswira ya ɗaga wa tsohon hannu, ya ja gaba kaɗan, ya sauka gefen titi inda tsakuwa ta ɗan yi faɗi. Ya kashe inji da sauran minti uku. Ya fito ya jera jajayen alamu a bayan motar, ya koma ya zauna, kowace mota ta wuce sai tirelar ta girgiza.

Bayan kamar minti arba'in wani jami'in hanya ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, nan bayan lanƙwasa ne. Mai tahowa ba zai gan ka ba sai ya zo kanka. Watan jiya mun kwashe mutum uku a nan."

"Ɗana, awannina sun cika. In na motsa, aikina ya tafi."

"Na sani. Kullum haka nake ji. Amma ko ka tafi da kanka, ko motar janwe ta zo ta ja ka, in karɓi lasisi."

Mai Taswira ya kira ofis. Matar da ke tsara tafiye-tafiye sa'ar 'yarsa ce, kuma ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba. Ta saurare shi har ƙarshe. "Wallahi Baba, ba ni da ikon taɓa na'urar. Zan dai rubuta abin da ka faɗa."

Ya kwashe alamunsa, ya murza makulli. Minti talatin da takwas ya yi yana tuƙi, na'urar tana ƙara kamar ɗan tsako. Ya samu wuri a bakin ƙofar wani gareji, rabin tirelar a waje. Awa goman hutu suka fara daga farko. Washegari ya isa wurin sauke kaya da ƙarfe takwas, aka mayar da shi ƙarshen layi. 'Yarsa ce ta tsaya a gaban uwar da aka buɗe bandejin.

Sai da yamma ya shiga gida. Matar tana zaune a gefen gado, sanye da baƙin tabarau. Ta zare shi, ta daɗe tana kallonsa.

"Yaran ba su yi ƙarya ba," ta ce. "Ka tsufa, Baban yara. Yaushe gemun nan ya yi haka?"

Bai gaya mata komai ba sai ranar Litinin, bayan ya dawo daga ofis. Manaja ya karanta bayanin da aka rubuta, ya ce ya fahimta, ya ce ƙa'ida ba a hannunsa take ba. Mai Taswira ya ajiye makulli a kan tebur, ya ɗora littafin kusa da shi, ya ce ko zai yi wa sababbin direbobi amfani. Manajan ya buɗe shafi biyu, ya ga jajayen layuka, ya tura masa abinsa. Ya ce suna da komai a kwamfuta.

Wata huɗu ke nan yana gida. Ya je kamfani uku, duk sun tambayi shekarunsa kafin su tambayi lasisi. Yakan farka da asuba, ya zauna a bakin ƙofa, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Daga la'asar wayarsa takan fara ƙara: direbobi ne a hanya, mintuna na ƙare musu. Sai ya kwance robar, ya lashi yatsa, ya karanto musu. Wani lokaci sukan sake kira su ce wurin ma an rufe. Matar, da yanzu ta fi shi ganin ƙananan rubutu, ita ke nemo layin, ta miƙo masa jan biro.

A makon jiya Mai Tari ne ya kira, saura masa minti ashirin. Mai Taswira ya buɗe shafin hanyar da yake kai, ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa.

"Yi magana mana, Malam," in ji Mai Tari. "Me littafin ya ce?"

"Tsaya inda kake," ya ce. "Gaba babu."