Mai Akwatin Jini a Tashar Malbaza

A tashar Malbaza wata dattijuwa mai tabarau tana zaune, rungume da akwatin sanyi na ɗaukar jini, ta hana a ɗora shi saman mota. Ina jin a ɗakin bincike ta yi furfurar nan, tana leƙen ƙwayoyin jinin mutane.

Wata mai ciki daga Tajaye ta miƙo mata ƙosai. Maimakon ta karɓa, sai ta ja fatar idon matar ƙasa. Wurin fari fat.

"Ɗiyata, jininki ya yi ƙasa. Wa za ya ba ki ran haihuwa?"

"Inna, mazanmu duk sun tafi cin rani."

Dattijuwar ta dubi dantsenta, inda auduga take manne har yanzu. Nata ta riga ta bayar.