Majo Tankari da Takardar Komawata Gida

Duk wanda ya san Kawu Tankari ya san gaisuwarsa. Ba ya fara tambayar gida, ba ya tambayar gajiya. In ya gan ka a inda ba wurin aikinka ba, sai ya tsaya, ya karkata hula, ya ce, "Wa ka bar ma wurin?" Ya tambayi direba, ya tambayi mai gadi, ya tambayi mai ƙosai. Ranar da limamin unguwarmu ta Dumega ya zo Yamai dubiyar ƙaninsa, bai gama sallama ba Kawu ya ce, "Malam, wa ka bar ma masallaci?" Malam ya ce ladan. Kawu ya ce, "Ya iya jan salla, ko kira kaɗai ya iya?" Wallahi malam bai kwana a Yamai ba, motar la'asar ya bi.

'Yan'uwa sun ce in rubuta abin da za a karanta ranar sadakar arba'in ɗinsa, tunda na fi kowa daɗewa a ƙarƙashinsa. Ni ce Hassiya, ɗiyar yayarsa Kulu. Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma iya yi wa magana kwalliya ba. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Saboda waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin ba: Kawu shi ne majo, wato shugaban masu jinya, a sashen wankin ƙoda na wani gidan likita a Yamai. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yakan zo sau biyu ko uku a mako. A auna nauyinsa, a soka masa allura biyu masu kauri a hannu, jininsa ya fita ya ratsa inji ya dawo a tace, awa huɗu cur. In ya tsallake ranarsa, ruwa ya taru a jikinsa, numfashi ya gagare shi. Inji kuwa ba ya aiki shi kaɗai. Dole mutum ya tsaya kansa, ido a kan bututu kada iska ta shiga, ido a kan maras lafiya kada jininsa ya faɗi. Koyon wannan sai an yi watanni. Majo ne ke raba aiki, wa ke safe, wa ke rana, kuma ba a canja wa ma'aikaci gari sai ya sa hannu.

Ni ma a can nake aiki. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun kama gabansu. Sai Inna, wato uwata Kulu, ta makance a Dumega, ni kaɗai ce ɗiyarta mace, matan ƙannena ne ke karɓa-karɓar dubanta. Na rubuta takarda a maida ni gidan likita na Tibiri, kusa da ita. Abin da nake so ke nan: in isa gida tana da rai.

Na farko, ranar da na kai masa takardar.

Na same shi a biro, wato ofishinsa, yana goge allo, don har ya bar aiki da alli yake rubuta rabon aiki. An ba shi na'ura, ya rufe ta da zane ya ɗora butar shayi a kai. Na ce, "Kawu, ga takarda."

"Kawu na gida. Nan Majo."

"Majo, ga takarda."

Ya karanta sau biyu, ya gyara mini harafi ɗaya da jan bik, ya buɗe aljihun tebur ya sa ta. Ya ce, "Ki koya ma mutum biyu, su iya soka allura ba ki kusa. Rannan ni sa hannu."

"Uwata ce fa. Yayarka."

"Na san ta tun ba a haife ki ba. Ga alli, rubuta sunanki a safe."

Na koya wa biyu. Wata takwas na yi ina tsaye a bayansu. Da suka iya, ɗaya mijinta aka canja wa gari ta bi shi, ɗaya kuma wani likitan kuɗi ya ɗauke shi. Na koma na ce, "Majo, na cika biyu." Ya dubi allo, ya dube ni, ya ce, "Ina suke? Ni biyun da ke nan na ce, ban ce biyun da sunka ratsa ba." Kai! Ranar na ga har mai share ɗaki ta juya baya tana dariya. Ni ban yi ba.

Na biyu, maganar Ja'e.

Aka kawo mana sababbi biyu, Balki da Isufu, na sake komawa farko. Jarrabawar Kawu kuwa ba a takarda take ba, a hannun Ja'e take. Ja'e Bafillace ne, makiyayi daga Sukukutan, dogo, siriri, ya bar shanunsa wa 'ya'yansa ya tare gidan wani danginsa a Yamai saboda inji. Jijiyarsa ta fi ta kowa wuya, tana gudu a ƙarƙashin fata. Kawu ya ce duk wanda ya soki Ja'e sau ɗaya ta shiga, Ja'e bai koka ba, ya iya aiki.

Kun san tsakanin Ba'are irin Kawu da Bafillace ba a gaisawa sai da tsiya. Kullum Ja'e ya hau ma'auni sai Kawu ya ce, "Bawana, ka ƙaru da kilo uku. Wa ya ba ka nono?"

"Ba'are, ni da nono sai a mafarki. Ma'auninka ne ke ƙarya, halin mai shi ya ɗauko."

Shekara huɗu ina sokan Ja'e bai taɓa ko motsa gira ba. Amma ranar da Balki ta matso da allura, tun ba ta taɓa fata ba ya kwarma ihu, "Wayyo! Ta kashe ni!" Balki ta saki hannun. Mako na gaba Isufu ya gwada. Na ga allura ta shiga daidai, jini ya bi bututu lafiya lau, amma Ja'e ya dinga salati kamar kura ta kama shi. Haka aka yi wata biyu, takardata na kwance.

Rannan Kawu ya jawo kujera ya zauna gabansa, ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ja'e, na taɓa ganin Bafillace da sa ya soke ma ciki, ya taho da ƙafarsa yana riƙe da hanjinsa cikin ƙwarya, bai ce uffan ba. Kai ɗan allura ke sa ka kuka gaban mata? Ina fulakunka? Ko ka bar shi Sukukutan da shanu?"

Ja'e ya ja rawani ya rufe baki. Can ya ce, "In sunka iya, Hassiya tahiya za ta yi."

"To?"

"To ni ba ni son ta tahi. Hannunta na da sanyi."

Ashe da gangan yake kayar da yaran! Na zaci Kawu zai yi faɗa. Sai ya miƙe ya ce, "Daga yau duk ihun da ka yi, ni da kaina zan soke ka mako guda." Kowa ya san Kawu ya tsufa, hannunsa ya yi nauyi. Ja'e ya ce, "A'a, Ba'are, ba ta kai can ba. Yarinya, zo ki gwada."

Ni kuwa da na koma gida na rasa da wa zan yi fushi. Mutumin nan ransa ne a hannuna, ban ga laifinsa ba.

Na uku, zuwanmu Dumega.

Inna ta gaji da jira, ta aiko direban da ke jigila tsakanin Dutsi da Yamai, ta ce a gaya wa Tankari ya zo, ba roƙo ba ne. Muka tafi ranar Lahadi, ranar da ba a kunna inji. Mutumin da manyan lokotoro, wato likitoci, ke shakkar shiga ɗakinsa da takalmin waje, ya cire hula tun daga zaure, ya zauna a ƙasa gaban gadon yayarsa.

Inna ta lalubo kunnensa ta riƙe. Ta ce, "Tankari, ni na goye ka. Fitsarinka ya ci mini zane uku. Yau ka zama babba ka riƙe mini ɗiya?"

"I, Yaya."

"Ban gani, ban iya kai kaina bayan ɗaki. Ka sani?"

"Na sani, Yaya."

"To ka sake ta."

Ya ce, "Yaya, in na sake ta yau, gado huɗu na rana ba mai tsaya musu. Yaran ba su gama nuna ba."

"Su wa ke kan gadajen?"

Ya lissafo mata su: Bafillace na Sukukutan, wata mai goyo daga Kiyeshe, malamin lakkwal guda, wato makarantar boko, da wani tsoho ɗan Dutsi mai ɗinkin takalmi. Inna ta ce, "Mai goyon, in ba a wanke ta ba, mi za ya faru?"

"Ba ta wuce mako biyu."

Inna ta saki kunnen. Ni ina bakin ƙofa ina jiran ta rantse masa, don na san in ta rantse ba shi da mafita. Sai ta juya fuska wajen bango ta ce, "A dama mishi hura. Kada a sa sukari."

Ya sha furar nan gaya, ya siɗe ludayi, ya yi godiya. A mota, daga Dumega har Doso ban yi masa magana ba, shi ma bai yi mini ba. Bayan Doso na waiwaya, na ga hawaye na bin gemunsa, yana kallon gonaki. Da ya ga na gani sai ya ce, "Gobe ke ke safe. Kada ki makara."

Zan faɗi gaskiya tunda ya riga mu: wata shida na yi ba na gaishe shi sai gaisuwar aiki. Duk wayar da ta shigo daga gida sai gabana ya faɗi.

Na huɗu, kuma na ƙarshe.

Ciwon zuciya ya kama shi ana saura kaɗan ya aje aiki. Aka kwantar da shi a wani sashe, aka hana shi tashi. Kwana uku ya yi biyayya. A na huɗu ya sa aka turo shi a keken marasa lafiya har ɗakinmu, ya ce a aje shi kusa da gadon Ja'e, ni kuma in fita waje in rufo ƙofa. Na tsaya a baranda. Balki ta soka allura ta farko, Isufu ya soka ta biyu. Ban ji ihu ba. Inji ya tashi. Awa huɗu Kawu ya zauna a keken nan, ya ƙi a maida shi, sai da aka cire allura, aka auna Ja'e, aka rubuta. Sannan ya aika a ɗauko takardar. Ta yi ja don daɗewa, shekara uku da wata biyar. Ya sa hannu, ya buga tampo, ya miƙo mini.

Ja'e ya ce, "Ba'are, ka cuce ni."

Kawu ya ce, "Hannun Balki ya fi nata sanyi, kunya ta hana ka faɗi." Ya juyo gare ni. "Motar da za ta kai ki, akwai wurin mutum guda?"

Lokotoro ya ce hanya za ta wahalar da shi. Kawu ya ce an gama yi masa abin da za a iya, sauran a gida za a yi. Kafin mu tashi sai da ya sa Isufu ya rubuta rabon aikin wata guda a allo yana kallo, ya sa aka goge aka sake saboda layin ya karkace.

Mun isa Dumega bayan azahar. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin Inna, kusa da gadonta. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ta shafa tasa, ta daɗe a kan ƙasusuwan kumatunsa. Sai ta ce, "Ku ji mini mugun yaro. Ya maido ta, amma sai da ya haɗo ta da aiki. Maras lafiya guda na roƙa mata, ya kawo biyu."

Ya ce, "Ta iya huɗu, Yaya."

Kwana tara na yi ina jinyarsu tare. Ita tana yi masa faɗa, shi yana cewa i. Ranar ta tara, da hantsi, ta ce a dama masa fura a sa sukari da yawa. Ya sha ludayi biyu. Kafin azahar ya cika, hannunsa cikin nata.

Inna tana nan da ranta. Ni ke ɗaga ta, ni ke yi mata wanka, da safe in tafi Tibiri aiki in dawo kafin la'asar. Na yafe masa tun a hanya, na kuma faɗa masa da bakina, ya ji.

Allah ya jiƙan Kawu Tankari, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Waɗanda ke kwance kan gadajen nan, Allah ya ba su sauƙi, ya ƙarfafa masu tsaya musu. Yayarsa da ta goye shi ta kuma rufe masa ido, Allah ya ba ta haƙuri. Amin.