Allon Hamidu ya koma Mubi

Asuba ta yi mana a tashar Belel, ni da ƙanena, ina riƙe da gwangwanin biskit a cinyata. Masu kirana suna tambayar yadda tafiyar ta kasance, ga shi na rubuta sau ɗaya, don ba zan iya ta maimaitawa ba.

Ɗana Hamidu ya rasu kwana arba'in da uku kafin wannan tafiya. Yana shekarar ƙarshe a jami'a a Mubi, yana koyon tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda suke kira firosesa. Da ya zo hutu ya taho da wani allo kore kamar tafin hannu, mai wayoyi da ƙananan fitilu. Shi da abokiyar karatunsa Kuve, 'yar Michika, suka tsara tasu firosesar a cikinsa. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa, allon yana kan taga. Ranar Lahadi Kuve ta kira ni. Ta daɗe tana ta'aziyya kafin ta iya faɗin abin da ke ranta: Talata ƙarfe sha biyu za a duba aikinsu, in babu allon sai ta sake shekara. Shi ya sa na sa shi a gwangwanin, muka kama hanya.

Damina ta cinye hanya. Kuɗin mota ya ninka na bara, kuma direba ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, yana cewa matsi maganin sanyi ne. A wani mayo, wato rafi, ruwa ya kai bakin ƙofa, maza suka sauka suka tura, ni kuwa na ɗora gwangwanin a ka. A Maiha ƙanena ya sayo ƙosai da kunun gyaɗa. Na kurɓa sau biyu don kada ya damu.

Wajen ƙarfe goma muka iso shingen sojoji. Aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani soja ya ce in buɗe gwangwanin, na buɗe. Da ya ga wayoyi da batir sai ya ja baya, ya gyara bindiga.

"Kowa ya matsa! Mama, ajiye shi ƙasa, a hankali."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da ya gani a cikin wayoyin. Matar da muka taho kafaɗa da kafaɗa tun Belel ta ja ɗanta ta koma bayan mota. Ƙanena ya kira Kuve, babu sabis. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Adda, ki bar musu shi mu tsira."

Babbansu ya zo ya ce, "Mene ne wannan? Ki faɗa mini da bakinki."

Ni firamare kawai na gama, sana'ata ƙuli-ƙuli. Amma Hamidu ya taɓa zama kusa da kaskona ya yi mini bayani, sai na faɗi yadda ya faɗa. Na ce abin yana ɗauko umarni, ya gane shi, ya aikata. Kuma ba ya jiran ɗaya ya ƙare kafin ya ɗauko wani. Kamar gyaɗata ce: wata tana kasko, wata tana injin niƙa, wata ana matse mata mai, duk a lokaci guda. In niƙa ya tsaya, na baya su jira.

Ya ce, "Ina mai shi?"

Na ce, "Yana maƙabarta."

Sai na roƙe shi ya bar ni in kai shi can gindin wata tsamiya in kunna ni kaɗai. In mugun abu ne, ni zai ci. Ya dube ni, ya dubi agogonsa, ya gyaɗa kai.

Tafiyar ba ta fi taku hamsin ba. Ban ji tsoron fashewa ba. Tsorona kada allon ya ƙi kamawa, don tun rasuwar Hamidu ban kunna shi ba. Na soka wayar batir inda ya nuna mini, na danna jan maɓalli. Fitilun suka kama, suna bin juna ɗaya bayan ɗaya, lambobi suna hawa. Na ɗaga shi sama don su gani. Babban ya tako har inda nake, ya duba sosai, ya ce, "Allah ya jiƙansa, Mama. Ku tafi."

Mun shiga Mubi sha biyu saura kwata, muka hau keke napep da ya ratsa ta bayan kasuwa. Kuve tana bakin ƙofar sashensu, ta sa baƙin siket da farar riga. Ta durƙusa za ta gaishe ni, na ce, "Tashi, 'yata, gaisuwa ba ta gudu."

Na zauna a benci a waje. Ta taga na ga fitilun suna bin juna a gaban malamai uku. Ta fito bayan awa ɗaya, ta rungume ni, ta ce sun ci, kuma sunan Hamidu ne a sama a kan takardar.

Na miƙa hannu in karɓi allon. Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Mama, na makaranta ne. Aro suka ba mu. Baɗi wasu za su goge namu su zuba nasu."

Ban san haka ba. Da na sani, ban san ko da na iya fitowa da shi daga ɗakinsa ba.

Mun kama hanyar Belel kafin la'asar, a shingen babban sojan nan ya ɗaga mana hannu ba tare da ya tsayar da mu ba. Abin da na koya a tafiyar nan kaɗan ne: allon aro ne, mai allon ma aro ne, kuma na mayar da kowanne ga mai shi. Gwangwanin na wanke shi, na ajiye kan tagar. Washegari na ɗora kasko.