Jan Ƙyallen Baban Yara

Baban yara gyaran keke yake yi, amma in kana son ganin fara'arsa, kira shi Sikawut. Tun yana firamare ya shiga, ga shi har da furfura bai fita ba. Kakinsa na rataye bayan ƙofa, da usur da jan ƙyallen wuya. Igiyar shanyata ma ba ta tsira ba, in ya yi mata ƙullinsu na 'yan sikawut sai na sa wuƙa.

Autarmu gola ce a ƙungiyar ƙwallon 'yan mata. Ran nan ta shigo da gudu, wai ranar Asabar sikawut zai zo kallon wasansu, kuma mutum ɗaya zai ɗauka. Kafin ta rufe baki uban ya jona dutsen guga, wai ɗan'uwa zai zo gari. Auta ta yi bayani har ta gaji, cewa a Turanci mai yawon neman 'yan wasa ma haka ake kiransa. Yayanta soja ya ƙara dagula zancen ta waya, wai su a wurinsu wanda ake turawa gaba ya leƙo hanya ne. Uban ya ce duk abu ɗaya ne.

Haka muka je fili, shi da gajeren wando, gwiwoyi a waje. Ya ƙame gaban baƙon, ya sara masa da yatsu uku. Bawan Allah ya waiwaya, ko wani ake gaisarwa a bayansa. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ana dab da farawa Auta ta faɗi wajen motsa jiki, ta tashi riƙe da wuyan hannu. Akwatin maganin koci kuwa ba komai ciki sai almakashi. Koci ya fara neman wata gola, ni dai sai hawaye. Baban yara ya durƙusa, ya lalubi hannun, ya ce targaɗe ne, ba karaya ba. Ya kwance ƙyallen nan da ko ni ba na taɓawa sai ranar wanki, ya naɗe hannun tsaf, ya ƙulle.

Ƙwallo huɗu ta tare. Baƙon ya rubuta sunanta, sannan ya tambayi wanda ya yi ɗaurin.

"Sikawut ne," in ji Auta. "Babana."

Ta tafi da ƙyallen. Har yau kakin na rataye babu shi, kuma Baban yara ya hana ni sayo masa wani.