Jarrabawar da Na Yi Ta Ci Kowace Safiya, da Kajin Kakata

A bara war haka, da za ka shiga kwalejinmu a Magarya ka tambayi wanda ya fi kowa surutu da ƙarin gishiri a zance, ko jakin mai ruwa da ke bakin ƙofa zai nuna maka ni. Na rubuta jarrabawar birebe ta gama kwaleji, cikin ikon Allah kuma na ci, abin da ya ba malamaina mamaki fiye da yadda ya ba ni. Mamata ta ce in tafi ƙauyensu da ke kusa da Bande in yi hutun damina, in taya Kawu noma, in kuma kai wa Kaka albishir da bakina. Noman ban yi niyyarsa ba. Tun a kan kabu-kabu na shirya ciwon kan da zan ce karatu ya bar mini.

Ni da Kaka wasan jika muke yi tun ina rarrafe. Tana ce mini maigida, ina ce mata amarya, kullum tana ƙorafin ta auri miji marar gona. Da na isa na durƙusa na gaya mata na ci jarrabawa, sai tsohuwar nan da ake kamawa kafin ta miƙe ta tashi da kanta, ta rangaɗa guɗar da na tabbata an ji ta har Dungas. Ta yi ƴar rawa, ta yi mini kirarin kakannina, sannan ta ce a kamo kaza daga akurkinta a yanka wa mijinta. Ranar kowa ya ci, har da maƙwabta.

Washegari da Kawu da matarsa da yara suka tafi gona, ni ina kwance da ciwon kaina na ƙarya, Kaka ta leƙo ta tambaye ni yaushe na zo, kuma yaya aka ƙare da jarrabawar nan da ake ta faɗa. Na zaci tsokana ce. Na dube ta da kyau, na ga da gaske take. Mamata ta taɓa cewa Kaka ta fara mantuwa, amma na ɗauka irin ta ajiye carbi a nemi carbi ce. A nan ne ya kamata in ji tausayi. Abin da na ji shi ne ƙamshin miyar jiya. Na gyara zama, na sa fuskar mai kawo sabon labari, na ce mata na ci. Ta tashi, ta yi guɗa, ta yi rawa, ta ce a kamo kaza.

Haka muka buɗe kasuwa. Ba kullum ba, don ina da ɗan imani, amma duk safiyar da na ji bakina yana son maiƙo sai in ci jarrabawa. Ni ke yanka, ni ke figa, Kaka ke dafawa, ta ce wannan ta miji ce, ba ruwan kowa. Kafin ƴan gona su dawo da la'asar an wanke tukunya, gashin kuma na binne shi bayan rumbu. Labarin ma sai da na riƙa ƙara masa kitse. Wata rana ni ne na ɗaya a ajinmu, wata rana a Magarya duka, har akwai ranar da na ce mata daga Yamai aka aiko a ga irin kaina. Matar Kawu ta fara kallon kumatuna tana cewa ba ta taɓa ganin ciwon kai mai sa ƙiba ba. Maƙwabta kuwa sun daina leƙowa in sun ji guɗa, sai su ce tsufa ne.

Abin da ban hango ba shi ne wanda za a ɗora wa laifin kajin. Da farko an zargi muzuru, sannan shaho. Da Kawu ya ga ba jini, ba gashi, ba alamar komai, sai ya yanke cewa Kaka ce take buɗe akurki ta manta, kajin su bi daji. Ga guɗa ba dalili, ga ɓatan kaji. Na ji shi yana waya da Mamata yana cewa abin ya wuce su, suna gona ba mai lura da ita, gara a mayar da ita Magarya da zama. Kaka kuwa a ɗakin nan aka kawo ta amarya, ta san kowane lungu na gidan ko ido rufe, ƙawarta ta ƙuruciya tana bayan danga. Da aka gaya mata za ta koma birni ta yi kuka. Can an jima ta manta abin da aka ce, amma ta yini ba ta ci abinci ba, tana tambayata me ya sa ranta yake ɓace.

Kafin tafiyar, Kawu ya ce a kai ta gidan likita a Bande a duba ta. Muka hau amalanken jaki, ni ina riƙe mata lema. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya yi mata tambayoyi cikin raha. Ta faɗi sunayen ƙawayen da suka rako ta ɗakin miji, ta rera waƙar daka ta zamaninsu ba tuntuɓe, amma abin da ta karya da shi da safe ya gagare ta. Sai ya bayyana mana cewa can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe lanƙwasasshe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana ce masa ipokam. Aikinsa kamar na mai ɗaukar sabon dami ne ya jefa a rumbu. In shekaru suka ja yakan ɗan tsuke, shi ya sa yawancin tsofaffi ke da ƴar mantuwa da ba ta hana su komai. A wasu kuwa, kamar Kaka, ciwo ne ke shiga ya raunana shi sosai, sai tsohon hatsi ya zauna lafiya a rumbu, sabon kuma ya zube a ƙofa. Ya ce labari yana iya ɓacewa, amma daɗin da ya kawo ko ɓacin ran yakan daɗe bayansa. Ya kuma ce raba irinsu da wurin da suka saba yakan ƙara rikita su.

Kawu ya ce ya ji, amma yaya za a yi da tsohuwar da ke sakin kaji, gobe ai wuta za ta bari. Kaka ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zanenta, ta ce a hankali, "Wataƙila ni ce. Ku yafe mini."

Duk kajin da na ci sai da suka yi cara a cikina. A hanyar komawa, daidai wata gonar gyaɗa, na buɗe baki na faɗi komai, har inda na binne gashin. Kawu ya ja linzami, jaki ya tsaya. Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina auna nisan da zan iya gudu. Sai ya ce, "Sauka. Jakin nan ba zai ja mu ya ja akurki guda ba." Kaka, da ta fahimci zancen, ta yi dariya har tana riƙe ƙarfen amalanke, ta ce a bar mata mijinta, in mace ba ta yanka wa miji kaza ba wa za ta yanka wa. Duk da haka a ƙasa na iso gida, ina bin su a baya da lema.

Ba a kai Kaka Magarya ba. Aka shirya ƙawarta ta riƙa zama da ita da safe, girki kuma ya koma hannun matar Kawu. Ni kuwa ciwon kaina ya warke a ranar. Na yi noma a gonarmu, na yi ƙwadago a gonakin mutane, ladana ƴan tsaki, har akurki ya sake cika da kuka. Albishir ɗin ma ban daina ba, Kawu da kansa ya ce a ci gaba. Kowace safiya kafin a fita gona, a gaban kowa, sai in durƙusa in ce amarya na ci jarrabawa, gaskiyarta kawai ba ƙari. Ta yi guɗa, yara su yi tafi, in ta ce a kamo kaza a ce mata an riga an ci. Sai ta yini tana fara'a ba ta san dalili ba.

Ƴan uwana jikoki, abin da na koya ke nan. Wasa da kaka gadonmu ne, amma in tsohuwa ta fara manta jiya, ba ta da abin da za ta kare kanta da shi sai gaskiyar waɗanda ke kusa da ita. Duk abin da ka ɓoye, a kanta zai faɗo, kuma za ta amsa laifin don ba ta da tabbacin ba ita ba ce. Ku kai su a duba su, kada ku ce tsufa ne kawai. Ku kai musu labari mai daɗi ko sau nawa ne. Kada kuma ku ɗauka komai ne ke gogewa. Ranar da zan koma Magarya, na je sallama na tarar da ita ta tokare ƙofar akurki da turmi. Na tambaye ta lafiya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wallahi maigida ban san dalili ba. Ina son ka har raina, amma da na gan ka sai in ji ina son rufe kajina."