Taku Talatin da Ɗaya Daga Falwaya

Shekara tara na yi ina riƙe wa wani safiyo sanda. Mutumin Filato ne, Oga nake ce masa. Mun auna filaye daga Narayi har Kamazou tun ana noma dawa a wurin. Ban yi makaranta ba, amma abu ɗaya ya zauna mini a kai, don kullum sai ya faɗa. Alama ɗaya ba ta nuna wuri. Idan ka ce taku goma daga bishiya, to ta wane gefe? Alama biyu za su bar ka da wuri biyu. Ta uku ce ke raba gardama.

Ranar da tifa ta take ƙanena a bakin kogi, wajen lodin yashi, kafin la'asar mun binne shi a maƙabartar bayan unguwarmu. Mahaifinmu yana ƙauye yana jinya, bai zo ba. Mutane suka kafa fasasshiyar tukunya a kan kabarin suka watse. Ni na san tukunya ba ta wuce damina biyu. Sai na tsaya na yi aikina. Taku talatin da ɗaya daga falwaya ta siminti. Taku sha takwas daga wani dogonyaro. Taku arba'in daga ƙafar tankin ruwa. Na maimaita sau uku. Ban yi kuka ba, ƙirga nake yi.

Na tafi neman abinci kudu, na daɗe. Da na dawo, Baba ya samu sauƙi, amma idonsa ya kusa tafiya. Ya hau mota ya zo unguwarmu Makera da kansa. Ko ruwa bai sha ba ya ce in kai shi wurin ɗansa.

Na ce masa, "Baba, wannan mai sauƙi ne." Da bakina na faɗa.

Muka shiga. Babu tanki. Babu dogonyaro, ko kututture babu. Sababbin kaburbura sun cika wurin, tsofaffin sun lotsa sun zama ɗaya da ƙasa.

Na sami mai gadin wurin a ƙofa yana gyara ƙotar magirbi.

"Malam, ina tankin nan?"

"'Yan jari bola. Har ƙafafun suka yanke."

"Kana ina?"

"Ni kaɗai zan tare su? Kai kana ina?"

"Bishiyar fa?"

"Mun sare. Da me kake so mu rufe mutane, da rigata?"

Itacen rufe kabari suka yi da ita. Raina ya ƙara ɓaci. Maƙabarta guda, bishiyoyi ko'ina, sai tawa.

Ya dubi Baba da ke tsaye can da sandarsa, ya rage murya. "Tsohon ba ya gani. Nuna masa kowanne mana. Addu'a ai ba ta ɓata hanya."

Na kama wuyan rigarsa. Ban san lokacin da na kama ba. Tsoho ne shi ma, ba shi da nauyi. Na sake shi. Ba don ya yi gaskiya ba. Mutum ya taso daga ƙauye da rabin ido, a ce in tsayar da shi a kan ɗan wani in ce nasa ne? A wurin aiki an sha ba ni kuɗi in matsar da simintin iyaka taku biyu, ban taɓa yi ba. Sai a kan ƙanena zan fara?

Na koma na gaya wa Baba komai. Sai ya tambaye ni.

"Wace ta rage?"

"Falwaya."

"Ita me take nunawa?"

"Zagaye kawai, Baba. Yana wani wuri a kan zagayen."

"To nemo igiya."

Na aro igiyar guga guda biyu a wani gida, na haɗa. Na auna taku talatin da ɗaya, na ƙulla. Na ɗaure bakin a falwaya, na ja ta miƙe. Rabin zagayen ya faɗa titi da bayan katanga, na cire shi. Na tuna rana tana bayana ranar, na ƙara cire wani gefen. Abin da ya rage kabari sha huɗu ne, har da waɗanda sai ka taka za ka san akwai.

Baba ya dafa kafaɗata. Ina jan igiya, duk inda ƙullin ya tsaya, mu tsaya. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya kira sunan ɗansa, mu matsa. Rana ta take. A na tara ƙafarsa ta fara rawa, na ce mu huta. Ya ce in rufe masa baki in ja igiya.

Muka gama sha huɗun. Ya shafa fuska, ya ce, "Yanzu na zo."

Ni har yau ban san wanne ba ne, kuma ban huce ba.