Ranar da Muttaka Ya Kira Sunan 'Yarsa

Muttaka mutumin Kafin Dafga ne, kuma fataucin wake da gyaɗa ya gada daga mahaifinsa. Yakan saya da kaka, ya ajiye, ya fitar da su da bazara. Bai taɓa zama a aji ba sai da furfura ta fara fito masa, lokacin da na buɗe ajin manya bayan na ajiye shugabancin makarantar firamare. Cikin duk waɗanda na koyar, shi kaɗai ne bai tsaya a iya rubuta sunansa ba. Karatunsa a hankali yake, yatsa a kan layi, leɓe na motsi, kuma ba ya tsallake shafi. Duk littafin da ya shafi noma ko ciniki, idan ya shigo hannuna, rumfarsa ta kasuwar Ƙaraye nake kai shi.

Maƙwabcinsa a kasuwa, Ɗantala, yakan ce, "Farfesa, littafin ne zai auna maka wake?"

Shi kuma ya ce, "Kai dai ci gaba da auna surutu, ba a biyan haraji a kansa."

Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. 'Yarsa ta fari Siddiqa, tun da aka raɗa mata suna bai taɓa furta shi ba. "Yarinyar nan" kawai yake cewa.

A kakar bara Siddiqa ta yi haihuwar fari, aka dawo da ita gida wankan jego. Ɗakin da aka ba ta yana manne da ɗakin da Muttaka ke jibge buhuna. Bango ɗaya ya raba su, bangon kuwa bai kai rufin kwano ba. Mahaifiyarta Ramatu ta toshe tagar da tsumma, ta saki labule, don kada sanyi ya kama mai jego.

Ranar da nake magana, da hantsi, ina zaune a rumfarsa yana karanta wani ɗan littafi kan adana hatsi. Sai na ga yatsan ya tsaya. Ya koma farkon layin, ya sake tsayawa.

"Malam, duba mini nan. Allah ya sa ni ne ban gane ba."

Na karanta masa a fili. Shafin yana bayani ne a kan ƙwayar maganin ƙwarin da ake ƙullawa a tsumma a tura cikin buhu. Ya ce da zarar ta sha iska takan saki guba, gubar tana bin tsaga da saman bango, tana kashe mutum a ɗakin da ke kusa, kuma jarirai ta fi saurin kayarwa.

Ya ce, "Malam, da safen nan na sa ta. Kowane buhu na sa wa. Na ja ƙofa na kulle."

Ya kira wayar Ramatu, a kashe, an kai ta caji. Ya sake kira, wayar ta suɓuce masa ta faɗa cikin kwanon awo. Ɗantala ya buɗe baki zai yi ba'a, ya dubi fuskarsa, sai ya miƙa masa makullin babur.

Na hau bayansa. Ni da na yi shekaru ina yi wa yara faɗa a kan gudu da babur, ban ce masa ya rage ba. Ramuka suna jefa mu, hulata ta tafi, ban waiwaya ba. Iska tana kwashe maganarsa, abin da nake ji kawai shi ne, "Ni na sa da hannuna." Babu abin da nake gani a zuciyata sai tagar nan da aka toshe.

Muka tarar da gidan shiru. Ramatu na can bayan ɗakuna tana hura wutar ruwan wanka. Tun daga tsakar gida wani wari mai kama da na tafarnuwa ya tare mu. Muttaka ya nufi labulen da bai ɗaga ba tun zuwanta, ya fizge shi, ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba.

"Siddiqa! Siddiqa, fito da yaron!"

Shiru. Ya sake kira yana kutsawa ciki. Sai ga ta tana dafa bango, idanu a lumshe, jaririn a ƙirjinta ya yi laushi, nono na dalala daga bakinsa. Ramatu ta iso tana salati.

"Tun ɗazu take cewa kanta na sarawa, na ce jego ne!"

Muttaka ya karɓi jikansa, muka samu mota muka kai shi asibiti tare da Siddiqa. Muka zauna a gindin bishiya, littafin na naɗe a aljihunsa, ya jiƙe da gumi. Duk ma'aikacin da ya fito sai Muttaka ya miƙe tsaye, idan ya wuce sai ya koma ya durƙusa. La'asar ta yi kafin likita ya ce numfashin yaron ya daidaita, amma za a riƙe su kwanaki. Ya ƙara da cewa da an kai azahar a ɗakin, da wata maganar ake yi.

Bayan an sallame su, Muttaka ya gina ɗakin ajiya a bayan gari, nesa da kowane gida. Ɗantala ya zo da kansa, ba ba'a, ya ce a karanta masa shafin, don shi ma buhunansa na kwana kusa da 'ya'yansa.

Da na je duba Siddiqa, ta ce mini, "Baba Malam, jikina ya yi nauyi, na so in ci gaba da kwanciya. Amma da na ji sunana a bakinsa, na san abin ya kai."

Yaron yanzu yana rarrafe. Muttaka kuwa ya koma cewa "yarinyar nan".